Wai maganar hannun da kurame ke yi a gida ba harshe ba ce?

Maman Ummi: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya an yi rigima a ajinmu na koyon maganar hannu. Malam ya ce kowa ya nuna alamar ruwa. Wani yaro da ya tashi tare da yayansa kurma ya yi wadda suke yi a gida, sai malam ya ce wannan nune-nune ne kawai, ba harshe ba ne, daidai shi ne a ɗaga yatsu uku a taɓa haɓa. Yaron ya ce da ita yake hira da yayansa tun yana ƙarami. Malam ya ce in ba zai bi littafi ba, ga ƙofa nan. Ya tashi ya fita, wasu suka bi bayansa. Har yanzu raina a ɓace yake.

Baban Sadik: Wa alaikumussalam Hajiya. Ni ina bayan malam. Wanda ya zo koyo ba ya gardama da mai koya masa. Kuma alamun littafin su ake yi a makarantu da talabijin. Idan yaron ya je Ibadan ko Abuja, da wace alama zai nemi ruwa?

Ɗan Fagge: Alhaji, a yi haƙuri, ba a nan matsalar take ba. Da malam cewa ya yi "a ajin nan ta makaranta muke koyo", babu mai tanka masa. Cewa ya yi ta gida ba harshe ba ce, kuma wannan ba gaskiya ba ne. Ta makarantar daga Amurka ta zo. Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan mishan, shi ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, ya zo Ibadan a 1960 da alamun ƙasarsu. Yatsu ukun nan ma harafin W ne na Turanci, farkon kalmar "water", wato ruwa. Kafin zuwansa kuramen Kano suna ciniki, suna aure, suna ba juna labari da hannu. Constanze Schmaling, Bajamushiya masaniyar harsuna, ta zauna da su a Kano, ta fitar da littafi a 2000 a kan yadda maganar hannun Hausa take da tsarinta da ƙa'idojinta.

Baban Sadik: Na ji. Amma kowane gari da irin tasa. Yaya za a yi jarrabawa da abin da ba ɗaya ba?

Ɗan Fagge: Hausar Sakkwato da ta Kano ma ba ɗaya ba ce, Alhaji, kuma ba wanda ya ce Basakkwace ba shi da harshe.

Malama Tafinta: Ku bar ni in sa baki, don aikina ke nan. Na yi tafinta a asibiti, aka kawo wata dattijuwa kurma da ba ta taɓa shiga aji ba. Na yi mata alamun makaranta, ta tsaya tana kallona. Sai da jikarta ta zo suka yi ta gida, sannan likita ya gane ciwon a ƙugu yake, ba a ciki ba. Yawancin kuramenmu na ƙauye haka suke. Sai dai Baban Sadik yana da gaskiya ta wani gefen: yaron da zai yi sakandare ko ya je kwalejin horar da malaman ilimi na musamman da ke Oyo, dole ya iya ta makaranta. Ɗaliban ma sun yi gaggawar fita.

Maman Ummi: To Malama, a gaban aji fa aka ce abin da yayansa ke yi ba magana ba ce. Wa zai zauna?

Malama Tafinta: Shi malamin yana ji ne ko kurma ne?

Maman Ummi: Yana ji. A kwaleji ya koya.

Malama Tafinta: To ku roƙe shi ya bari a gayyato yayan yaron ranar Asabar, su zauna su yi hira a gabanku. Ni zan zo in fassara.

Baban Sadik: In ya yarda, ni ma a sanar da ni. Amma yaron ya fara zuwa ya ba malaminsa haƙuri.