Dinya, jan kabeji da Klöße a wajen Jamus: wa ya taɓa haɗa wannan abincin a kan tafiya?

Maman Amira, Kolon

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda abin ya taɓa faruwa da su. Mahaifin maigidana ya rasu a watan Maris, kuma wannan ne bikin Kirsimeti na farko da surukata, wadda muke kira Oma (wato kaka da Jamusanci), za ta yi ba shi, bayan shekara 51 suna tare. Ni da maigida Musulmi ne, ita kuwa tana kan addininta, kuma ba mu taɓa barinta ita kaɗai a wannan lokacin ba. Bana muka ga zaman gidan zai yi mata nauyi, sai muka yanke shawarar tafiya da ita Birmingham wajen yayana, daga 20 zuwa 29 ga Disamba. Ta amince, amma tambaya ɗaya ta yi mini: "To abincin fa?" Tun tasowarta, ranar 25 gasasshiyar dinya ake ci a gidansu, wato Gans, da jan kabeji da Klöße, mulmulallen ƙullin dankali da ake dafawa a ruwa. Ina so ta samu wannan, kuma ya zama abin da mu ma za mu iya sa hannu mu ci tare da ita. Duk wanda ya taɓa neman abincin Jamusawa na wannan biki a wata ƙasa, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi.

Ɗan Damagaram, Hamburg

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan niyya. Ni sau biyu na yi, a Faransa da Beljiyam, saboda yarana a nan aka haife su, sun saba da shi a gidan kakarsu. Abin da na koya shi ne, duk abin da ke shiga kwalba ko kwali ki saye shi tun daga nan: Rotkohl, wato jan kabeji, na kwalba, garin Klöße, da ɗan ƙunshin Beifuß, busasshen ganyen nan da suke cusa wa dinya. Shi Beifuß ɗin na sha yawo a Faransa ban same shi ba. Ki karanta bayan kwalbar da kyau, domin wasu suna sa Schweineschmalz, kitsen alade ke nan, wasu kuma jan giya. Nama kuwa kada ki ɗauka. A watan Afrilun 2025 Ingila ta hana matafiya shiga da naman shanu, tumaki, awaki da alade da kayan madara daga ƙasashen Tarayyar Turai saboda cutar dabbobi. Ki duba ko dokar tana nan kafin ku tashi.

Anti Uwani, Birmingham

'Yata, garinmu za ku zo, bari in faɗa miki abin da idona ya gani. Mutane za su ce miki ai akwai kasuwar Jamusawa a Birmingham, an gama magana. Gaskiya ne akwai ta, ta Frankfurt ce, ana kafa ta a Victoria Square har ta gangaro New Street tun daga watan Nuwamba. Ku kai Oma ta sha kallo, za ta ji ƙamshin gida. Amma abincin tsaye ne: sosej wanda yawancinsa na alade ne, gasasshen almon mai sukari, da Glühwein, giyarsu mai zafi. Ba wurin da za a zauna a ci dinya ba ne, kuma kafin ranar 25 an tashi kasuwar.

Shekara uku da suka wuce na karɓi baƙuncin abokiyar aikin 'yata, Bajamushiya ce daga Kassel, jirginta ya samu matsala ta kwana huɗu a gidana. Na ga yarinyar ta yi shiru ranar jajiberi, na ce ba za a yi haka a gidana ba. Stollen, burodinsu mai zaƙi da zabibi, da Lebkuchen, biskit ɗinsu mai kayan ƙamshi, ban wahala ba, Lidl da Aldi suna cika kanta da su. Jan kabeji ɗanye yana ko'ina, domin Ingilishi ma suna cin sa a bikin. Sitacin dankali a shagon 'yan Poland na samu, kuma ki riƙe wannan, shagunansu sun fi kowane kusa da kicin ɗin Jamusawa. Dinya ce ta gagare ni. Na bi mahautan halal na Alum Rock Road da Coventry Road ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce kaza da rago da talotalo ne a hannunsa, da na zo da wuri da an nemo. Ƙarshe agwagwa na samu. Saboda haka ki sa yayanki ya je ya yi magana da mahauci tun yau, kada a jira ku sauka.

Ladi 'yar Bokkos, Stuttgart

Sannu Maman Amira, Allah ya ba Oma haƙuri. Ni Kirista ce, mijina mutumin yankin Schwaben ne, kuma a 2019 muka tafi Jos da shi da iyayensa biyu. Danginmu sun shirya shinkafa da kaji da akuya kamar yadda aka saba, amma na yi wa surukata alkawari cewa ranar 26 za mu yi nasu, tunda a Jamus ranakun biyu duka hutu ne.

Kayan lambu bai ba mu wahala ba ko kaɗan. Muka shiga kasuwar Farin Gada da safe, ga jan kabeji, ga dankalin Turawa buhu-buhu, surukata tana ta mamaki. Tuffa da kanumfari da ruwan khal duk muka samu a gari. Ita da kanta ta yanka kabejin siriri-siriri, ta dafa shi da albasa da tuffa a wuta kaɗan fiye da awa ɗaya, tun ranar 25 da yamma, domin ta ce kwanan da ya yi shi ke fito da daɗinsa. Agwagwa biyu muka saya da rai, ƙanena ya yanka ya fige.

Inda muka sha wuya shi ne Knödel, kamar yadda mutanen kudu ke kiran Klöße. Dankalin da muka saya sabon haƙa ne, ruwa ya yi masa yawa. Muna jefa na farko a tukunya sai ya watse, ruwan ya koma kamar kunu. Surukata ta zauna a kan kujera ta riƙe kai, na ga idonta ya kawo ruwa. Mahaifiyata ce ta matso, ba ta jin Jamusanci, ita kuma ba ta jin Hausa, ta taɓa ƙullin da yatsa, ta shiga ɗaki ta fito da sitacin rogo. Suka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan suna murzawa har ya kama jikinsa. Sannan surukata ta nuna a rage wuta, domin ba a barin ruwan ya yi ta tafarfasa, sai dai ya riƙa motsi a hankali kamar minti 20 har su taso sama. Guda 14 muka fitar, ba wanda ya fashe. Har yau idan ta kira ni sai ta tambayi lafiyar Mama.

Ke dai ki fara gwada guda ɗaya a ruwan kafin ki mulmula sauran. A Ingila ki nemi dankali mai gari, Maris Piper ko King Edward.

Injiniya na Bremen

Hajiya, nawa gajere ne. Aiki ya riƙe mu a Chicago ni da abokan aiki Jamusawa uku. Akwai kasuwar Kirsimeti ta Jamusawa, Christkindlmarket, a Daley Plaza, tun 1996 ake yin ta, an kwaikwayo ta Nürnberg. Mun ci soyayyen dankali da miyar tuffa a can, amma muka yi sakaci ba mu kama tebur a gidan abinci ba. Da muka fara kira ranar 23, wasu sun cika, wasu ba sa buɗewa ranar 25. A ɗakin otal muka ci burodi da cuku. Idan kuna da tunanin fita waje ku ci, ku kira yanzu, ku kuma tambayi da wane kitse da wane romo ake haɗa miyar.

Baba Alhaji, Bonn

'Yata, shekarata 34 a ƙasar nan, kuma tambayar da zan yi miki ita ce: kin zauna da ita kin tambaye ta ranar 24 fa? Mu baƙi hankalinmu yana tafiya kan dinya saboda ita ce babba a ido. Amma a gidajen Jamusawa da yawa daren jajiberi, Heiligabend, shi ne zuciyar bikin, a nan ake buɗe kyaututtuka, kuma abincinsa mai sauƙi ne: haɗin dankali mai sanyi da sosej. Wasu gidajen kifin Karpfen suke ci. Shi kansa haɗin dankalin ba iri ɗaya ba ne, mutanen kudu da ruwan khal da romo da mai suke yi, na arewa da mayonis. Idan kika yi mata na wani yanki za ta gode, amma ba na gidansu ba ne.

Na ga wannan a Namibiya, lokacin da na raka wani tsohon maƙwabcina ziyarar ɗansa a Swakopmund. Ƙasar ta kasance ƙarƙashin mulkin Jamus daga 1884 zuwa 1915, kuma har yau akwai masu jin Jamusanci da gidajen burodi da mahautansu, saboda haka komai ya samu, har Stollen. Disamba lokacin zafinsu ne. Ɗan ya yi ɗawainiya ya gasa nama iri-iri, amma tsohon bai saki jiki ba sai da matar ɗan ta kawo haɗin dankali irin na mahaifiyarsa, da yankakken kokwamba mai tsami a ciki. Ya ci faranti biyu bai ce uffan ba. Sosej na kaza ko na naman sa na halal kuwa ba zai yi muku wuya a Birmingham ba.

Ummu Khalil, Berlin

Ƙari kaɗan a kan Stollen, 'yar'uwa. Yawanci ana jiƙa zabibin cikinsa a giyar rum, har da na Dresden da ya fi suna. Akwai waɗanda ba a sa wa, sai an duba. Ni na ɗauki guda biyu zuwa Istanbul bara, ɗaya na surukaina, ɗaya namu, na ɗaura wa namu jan zare don yara su gane. Ba ya lalacewa da wuri, makonni yake yi.

Maman Amira, Kolon

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Alhaji, na bi maganarka, jiya bayan la'asar na je na same ta muka sha shayi. Ashe ban san komai ba. Oma 'yar Thüringen ce, daga wani ƙauye kusa da Erfurt, kuma ta ce na kwali ba Klöße ba ne a wajenta. Nasu kashi biyu ɗanyen dankali ne da ake gogawa a matse shi ƙaf, kashi ɗaya dafaffe da ake zubawa a kai yana tafasa, a sa soyayyen burodi a tsakiya. Ta ce duk shekarun nan marigayin ne yake goga dankalin ya matse, domin aikin yana son ƙarfi, kuma abin da ke damunta ke nan tun da aka fara maganar tafiya, ba ta san wa zai yi ba. Maigida yana zaune, ya ce shi zai yi, ya sha kallon babansa tun yana yaro. Ta tashi ta buɗe durowa ta ɗauko ɗan buhun yadin da suke matsewa da shi, ta miƙa masa.

Dinya kuwa ta ce agwagwa ta wadatar, ko a da can ba kowace shekara suke samun dinya ba. Yaya ya riga ya yi magana da mahauci, za a ajiye mana guda biyu ranar 23. Haɗin dankalinta na mayonis ne, da tuffa a ciki, ita za ta yi da hannunta. Beifuß da Stollen marar giya suna cikin akwati. Anti Uwani, in ba damuwa zan biyo ki ta saƙo a kan shagon 'yan Poland ɗin, kuma ko kina da babbar tukunya da za mu ara, domin mu tara ne a gidan.