Baltimore zuwa Houston a mota da iyali: a ina za mu yada zango?

Baban Nana:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina zai yi aure a Houston cikin watan Agusta, kuma mu shida ne: ni, mai ɗakina, yara uku, sai mahaifiyata da ta zo mana ziyara. Na duba kuɗin jirgi na mutum shida na ga ya fi ƙarfina, shi ne na ce mu tafi a mota. Tafiyar ta ɗan haura mil 1,400, wajen awa 21 ke nan ba tare da tsayawa ba. Motata Sienna ce ta 2012, ta ci mil 170,000 amma ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba. Hanya biyu nake dubawa: ko in bi I-81 ta Virginia in faɗa Knoxville da Chattanooga da Birmingham, ko in bi I-85 ta Charlotte da Atlanta in gangara Mobile in kama I-10. Hajiya tana fama da gwiwa, ba ta iya zaman da ya wuce awa biyu. Kwana ɗaya a hanya zai ishe mu ko sai biyu? Kuma a wane gari?

Sadauki:
Wa alaikumus salam. Ku hau jirgi kawai, awa uku da 'yan kai kun sauka.

Baban Nana:
Malam Sadauki, ai na faɗa a sama, kuɗin ne babu.

Maman Sadik:
Mun bi I-81 bara da yara. Tunda akwai Hajiya, ka yi kwana biyu: daren farko a Knoxville, na biyu wajen Meridian a Mississippi, rana ta uku ku shiga Houston da sauran haske. Don Allah ka riƙe ƙafarka a Virginia. A can idan gudunka ya wuce mil 85 a awa, ko ka ɗora 20 a kan abin da ke jikin allo, ba tara ce kawai ba, laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali. Mai ya ci mana wajen dala 380 zuwa da dawowa, ɗaki kuma 85 a dare.

Ɗan Borno:
85 a ina, Hajiya? Ni 140 na biya a Knoxville ɗin nan, kuma mutum shida ai ɗaki biyu za su kama. Mai ma ka ware 600.

Garba na Bronx:
Baban Nana, ka saurare ni don Allah. Ni ma abin da na faɗa ke nan, ba ta taɓa ajiye ni ba. Shekara uku da suka wuce na ɗauki iyali za mu sunan 'yar yayana, a watan Yuli. Mun wuce Meridian da kaɗan na ga allurar zafi ta haura, kafin in gangara gefe tururi ya turnuƙe gaban motar. Ƙarfe biyu na rana. Matata ta fito da jaririya, babu inuwa ko ta itace ɗaya kusa, sai mayafinta ta ware a kan yarinyar, tireloli suna wucewa iskarsu na jijjiga mu. Awa biyu da rabi muka yi kafin motar janwe ta zo, ya karɓi dala 420. Makaniken ya ce lagireto ne, na biya. Washegari ya ce ashe famfon ruwa ne, na biya. Rana ta uku ya kalle ni ya ce injin ya tafi. Kwana huɗu muna otal, aka yi suna ba mu je ba, ƙarshe na bar masa motar a kan dala 500 don ba ni da yadda zan yi da ita. Har yau idan na tuna kukan yarinyar nan a bakin titi raina ɓaci yake. Ka ɗauki motar haya.

Maman Sadik:
Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri, Malam Garba.

Ɗan Borno:
Amin. Amma haya ta mako guda a Agusta, babbar mota mai cin mutum bakwai, ba za ta gaza 900 ba.

Sadauki:
Ni 550 na ɗauka a watan Maris.

Ɗan Borno:
Maris daban, lokacin hutun yara daban.

Alhaji Mai Tirela:
Shekara goma sha ɗaya nake jan tirela a hanyoyin nan, ku bari wanda ya sani ya yi magana. Abin da ya sami Garba rashin duba mota ne. Mako biyu kafin tafiya ka kai ta a duba ruwa, fanbel, burki, tayoyi har da safaya, a sauya baƙin mai. Mu da tuƙi ne sana'armu, doka ba ta bar mu mu wuce awa 11 a kan sitiyari ba, to kai ma kada ka yi gangancin wucewa. Kwana ɗaya a Birmingham ya isa idan kun fita da asuba kuma Madam tana karɓarka. Kada ka bi Atlanta, cunkoson garin zai cinye maka rabin yini. Bayan Baton Rouge akwai gadar Atchafalaya, mil 18 a kan fadama, idan aka yi hatsari a kanta sai a daɗe a tsaye, don haka kowa ya kewaya kafin ku hau. Kuma Agusta tsakiyar lokacin guguwa ne a gaɓar Louisiana da Texas, ka riƙa duba hasashen yanayi.

Garba na Bronx:
Alhaji, da girmanka, na duba motata kafin in fita. Kada ka ɗora mini laifi a kan abin da ba ka gani ba.

Maman Sadik:
Kuma Alhaji kai kaɗai kake tafiya, ga gadonka a bayan kujera. Ka taɓa yin awa goma sha biyu da ɗan shekara uku yana dukan bayan kujerarka, ga dattijuwa tana cije leɓe don kada ta dame ka? Baltimore zuwa Birmingham a yini ɗaya azabtar da Hajiya ne.

Auta:
Baban Nana albishirinka, da kun shiga Alabama agogo zai ba ku kyautar awa ɗaya. Sai dai a dawowa zai tare hanya ya ce a biya shi bashinsa!

Ummu Hanifa:
Yaya, idan ka bi ta Atlanta ko za ka taimaka mini da akwati biyu zuwa wurin ƙanwata? Ba su da nauyi.

Ɗan Borno:
To fa, an fara. Mutum shida a mota ɗaya da kayan biki, ina zai sa akwatin? Wannan ɗabi'a ta ishe ni. Da na je Chicago, wani ya ce ƙaramin saƙo ne, ya zo da kwali uku, kuma wanda zai karɓa bai ɗauki waya ba sai da na yi awa biyu a ƙofar gidansa.

Ummu Hanifa:
Tambaya na yi, ban ce dole ba. Zumuncin ke nan?

Sadauki:
Saƙo ma da sauƙi. Wanda za ka rage wa hanya tun daga Maryland har Ohio, a tsaya gidan mai sau biyu yana danna waya, ko hannu ba zai kai aljihu ba.

Baban Nana:
Na gode 'yan uwa. Hajiya Ummu ki yi haƙuri, wallahi babu wuri. Har yanzu dai ban gane ba, Knoxville da Meridian ko Birmingham?

Ɗan Borno:
Sadauki, wanda ya yi maka haka ko dogon nan ne mai gilashi? Don ni ma ya taɓa bi na Ohio.