Bakwaini a Sabya, cikinta ya kumbura: in jira gado ko in biya jirgi zuwa Jidda?

Baban Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Iyalina ta haihu daren Talata, ciki yana sati 29, mace, kilo 1 da 'yan kai. Tana cikin kwalba da robar numfashi a hanci. Jiya cikinta ya kumbura, likita ya ce yana tsoron hanji ne, kuma asibitin da muke a nan Sabya, kudancin Saudiyya, ba su da mai yi wa jarirai tiyata. Sun tura takardunta ta Ihalati, tsarin tura mara lafiya daga asibiti zuwa asibiti, har yanzu ba a samu gado ba. Wani ɗan uwa a Jidda ya ce akwai asibitin kuɗi da zai karɓe ta, amma jirgin ni zan biya. Igamata lafiya lau, tamin ɗina, wato inshorar lafiya, na sharikar (kamfanin) da nake wa aiki ne, ƙarami. Jidda daga nan wajen kilomita 700 ce. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, in jira ko in nemi bashi?

Direban Rusaifa: Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Malam, ka kira 997 kawai, lambar agajin gaggawa. Hilal Ahmar, wato Red Crescent, suna da jirgi mai saukar ungulu, ba ka biyan ko halala.

Ummu Safwan: Ba haka ba ne. 997 na wanda ya yi hatsari ne ko ya faɗi a gida. Wanda ke kwance a asibiti, likita ne ke nema masa wajen likita. Ni nas ce a ɗakin jarirai a Riyad. Baban Khalil, gado ne matsalarka, jirgi ba ya tashi sai wani asibiti ya rubuta ya karɓa. Ka karɓi lambar ihalar ka kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, ka bi sawu. Ka kuma tambayi likita kai tsaye, tana iya jure tafiya yau? Idan jirgi ya yi sama iskar da ke cikin hanji tana ƙara buɗewa, shi ya sa ake zura siririyar roba ta hanci ko ta baki ana zuƙe cikin kafin a tashi. Kwalbar tafiya daban take, da batirinta da iskarta, kuma dole likita da nas su bi ta. Sannan tamin ɗin uwa yana ɗaukar jariri kwana 30 na farko, ka sa sharika su shigar da ita tun yanzu.

Hajiya Mai Masa: Ɗana kwantar da hankalinka, bakwaini ba ya mutuwa, ɗan wata takwas ne abin tsoro. Ƙanena bakwaini ne, a auduga aka naɗe shi kusa da kaskon wuta, yanzu jikokinsa sun cika gida.

Ummu Safwan: Hajiya, da girmanki, wannan maganar mutanen da ce. Duk satin da yaro ya ƙara a ciki huhunsa ƙara ƙwari yake. Ɗumi kam gaskiyarki, sanyi yana kashe su.

Hajiya Mai Masa: 'Yar nan, wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Kafin a haife ki nake karɓar haihuwa a Sharar Mansur.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai kada wanda ya ce maka ka jira. Na jira, na san abin da jira ya yi min. Nawa sati 28 ne, Hasan da Husaini. Husaini ne ya fara shiɗewa. Kullum sai a ce mana gobe, an tura, ba a amsa ba. Ni ina tsaye bakin gilashi da ɗinki a jikina, ina kallon ƙirjinsa yana lotsawa, hannunsa duka bai fi babban yatsana ba. Nonon da nake tatsa a ɗan kofi nas take karɓa ta rubuta sunana a jiki, ashe shi ba ya ma sha. Ranar da aka ce an samu gado, da asuba ya koma. Maigidana ya je karɓo shi aka miƙo masa fatura, takardar kuɗin da zai biya. Takardar haihuwar Hasan ma sai da muka sa hannu za mu biya kaɗan-kaɗan aka sake ta. Har yau in na ji ƙarar injin nan, ko a talabijin ne, sai na tashi na bar ɗakin.

Ɗan Karantina: Inna lillahi. Allah ya sa mai ceto ne, Anti.

Hajiya Mai Masa: Allah ya ba ki haƙuri 'yata. Wane asibiti ne, a faɗa mutane su kiyaye.

Maman 'Yan Biyu: A bar shi Hajiya, na bar su da Allah.

Abu Rayyan: Maganar kuɗi, maƙwabcina ya ɗauko ɗansa daga kudu zuwa Jidda, riyal 35,000 ya ce min ya biya.

Ɗan Karantina: Wannan sai dai in babba ne. Mu da muka tambaya wa ɗiyar yayata, 80,000 aka ce, ban da likita da kwalba, kuma asibitin ya ce sai an ajiye wani abu kafin su buɗe fayil. A ƙarshe mota ta kai ta.

Direban Rusaifa: Ni ɗan kafilina kyauta aka kai shi Riyad a jirgin ikhla, na ɗaukar marasa lafiya.

Abu Rayyan: Ɗan kafilinka ɗan ƙasa ne, Malam Direba. Kai da ka karye a ƙafa wane jirgi ya zo?

Direban Rusaifa: Ni tun jirgin da ya kawo ni ban sake hawa ba. Yarinyar nan ko suna ba a yi ba, amma za ta riga ni, Allah ya sa ta riƙa gaishe mu.

Baban Khalil: Na gode duka. Anti Ummu Safwan, likita ya ce Abha ma an tura, kuma ta fi kusa, sai dai hanyar dutse ce. Motar asibiti za ta yi, ko ita ma haɗari ce?

Maman 'Yan Biyu: Tamin ɗin nan da ake ta faɗa, ka duba ko an saka matarka a ciki tun farko. Mu sai a bakin kanta muka gane maigidana kaɗai sharika ta yi wa.

Abu Rayyan: Ai wannan ya zama ruwan dare. Ga kuma kuɗin murafiƙin, wanda baƙo ke biya kan iyalinsa, yana jiransa. A 2017 riyal 100 ne a wata, yanzu 400 kan kowane kai. Ni mutum huɗu nake biya wa, 1,600 ke nan kafin in sayi shinkafa.

Ɗan Karantina: Shi ya sa na mayar da nawa Kano. Amma tsaya, jaririn da aka haifa a nan, daga ranar haihuwa ake fara lissafi ko daga ranar da igamarsa ta fito?

Abu Rayyan: Mu'aƙƙibinmu, mai bi mana takardu a ofisoshin gwamnati, ya ce daga haihuwa.

Direban Rusaifa: Namu ya ce ƙarya ne. Kuma naku ba shi ne ya riƙe fasfon Malam wata da watanni ba?