Ƙwayoyin tushen sankara: sunan da nake ganin ya dace

'Yan'uwa, wani ma'aikacin jinya a nan Garwa ta ƙasar Kamaru ya tambaye ni yadda zai bayyana wa wani dattijo abin da likitocinmu ke kira "cellules souches cancéreuses" da Faransanci. An yi wa dattijon aikin sankarar harshe, ya samu sauƙi, sai bayan shekara guda kumburi ya fito masa a gefen wuya, yana ta tambayar dalili.

Ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙarin sankara ba duka ɗaya suke ba, akwai 'yan kaɗan masu iya sabunta kansu su kuma haifar da sauran, su ne likitoci ke nufi da wancan suna na Faransanci. Wani masani mai suna John Dick da abokan aikinsa a Toronto ne suka fara nuna su a sankarar jini a 1994. A 2007 kuma masu bincike a Jami'ar Michigan suka ware su daga sankarar kai da wuya, wadda sankarar baki take cikinta, ta hanyar wata alama da ke jikinsu mai suna CD44. Da aka dasa masu alamar a jikin ɓeraye sai ƙari ya tsiro, marasa ita kuwa da wuya su tsirar da wani abu. Masana da yawa na ganin sun fi sauran jure magani da gashin da ake yi wa sankara da na'ura, shi ya sa ciwon yake dawowa.

Wani malami daga Marwa ya ba da shawarar a kira su "kututture" da Hausa, domin shi ne ma'anar "souche". Ban gamsu ba, saboda Bahaushe in ya ji kututture, busasshen itacen da ake zama a kai ko a faskara yake hangowa, alhali waɗannan ƙwayoyi rayayyu ne. "Uwar ƙwayoyi" ta kama ma'anar haihuwa, amma ba na so a raɓa sunan uwa da wannan cuta.

Ni dai "ƙwayoyin tushen sankara" na zaɓa. Duk wanda ya taɓa noman aya-aya a fadama ya san cewa in fartanya ta share ganyen ta bar abin da ke ƙasa, ruwa ɗaya ya isa ta sake tohowa. Sunan kuma zai yi wa lafiyayyun ƙwayoyin da ke cikin ɓargo masu haifar da ƙwayoyin jini, a ce da su "ƙwayoyin tushe" kawai.

Dawowar ciwon kuwa muna da kalmarta tun kaka da kakanni, wato "gyauro". Na ce wa ma'aikacin ya gaya wa dattijon: "Baba, an cire ƙarin, amma da alama wani tushe ya saura, shi ne ya yi gyauro, sai mu koma wurin likita tun yana ƙarami."