Neman shawara: kallon fitowar rana a bakin tekun Lome

Mai tambaya, daga unguwar Wadata a Yamai: Salamu alaikum ƴan uwa. Zan je Lome, babban birnin Togo, ɗauko kaya cikin watan Disamba, kwana uku kawai. Ban taɓa ganin teku ba, kuma ina so in ga rana na fitowa daga cikin ruwa, in ɗauki hoto. Ina zan tsaya, kuma ƙarfe nawa?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara da gyara agogo. Togo na bayan Yamai da awa ɗaya, in kin bar waya a lokacinmu za ki isa cikin duhu ki yi ta zaman banza. A Disamba rana na fitowa wajen ƙarfe 6 na can. Ki yi asuba, ki isa 5:30, don jan sararin nan mai kyau kafin fitowar yake, bai wuce minti 20. Ita kanta ranar, minti biyu da ɗan wani abu ta gama fitowa.

Amsa ta biyu: Hajiya, gaɓar Lome kudu take kallo, ba gabas ba. Kin dace da wata, don a Disamba rana na karkata kudu maso gabas, daga ruwa za ta ɓullo. Da Yuni ne, ta kan gari za ta fito. In kin tsaya tsakiyar birni, tashar jiragen ruwa da ƙarafunanta na gabas da ke. Ki wuce ta, ki nufi Baguida ko Avepozo. Sai dai hazon hunturu: wani lokaci rana ba ta bayyana sai ta ɗaga sama, jawur kamar garwashi. Kada ki bar abin sai ranar komowa.

Amsa ta uku: Ƴar uwa, ruwan can ba kogin Isa ba ne. Yana ja ta ƙasa, ko mai iya iyo yana tafiya da shi. Tsaya kan busasshen yashi, kada ki juya wa teku baya don hoto. Kuma kada ki je ke kaɗai da duhu, ana fizgen waya. Ki shirya da mai kabu-kabu tun daren, ko ki shiga ta otel mai gadi.

Amsa ta huɗu: Hoto kuwa, danna yatsa kan ranar a fuskar waya ki riƙe, sannan ki ja haske ƙasa, in ba haka ba fari fat zai fito. Feshin gishiri na dusashe gilashin kamara, ki riƙa gogewa da gefen gyale.