Neman shawara: Na karanta ƙididdiga, ina son shiga aikin gwajin magunguna

Ummi:
Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Na gama digirin farko a fannin ƙididdiga, na yi bautar ƙasa a sashen ajiye bayanan marasa lafiya na wani asibitin gwamnati. A can wata likita ta sa na taya ta lissafin binciken da take yi, ita ce ta faɗa min akwai masu irin karatuna da wannan ne sana'arsu, har ta ce kamfanonin haɗa magunguna ba sa fitar da magani sai da sa hannunsu. Yanzu Kawu ya samo min koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi, Baba kuma yana ganin in karɓa in zauna. Ba raina aikin na yi ba, amma hankalina yana can. Mene ne ainihin aikin masanin ƙididdigar lafiya? Dole sai mutum ya taɓa karatun likita? Akwai aikin a nan gida ko sai an fita waje? Sannan akwai masu tallar kwas ɗin SAS, wata manhajar nazarin bayanai, a intanet, sun ce wata uku ka gama su samo maka aikin dala kana zaune a gida. In biya?

Yaya Auwal, Ingila:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Aikin da nake ci da shi ke nan, don haka bari in yi bayani da ɗan tsawo.

Ba sai kin yi likitanci ba. Yawancin waɗanda nake aiki da su lissafi ko ƙididdiga suka karanta, ilimin cutar kuma a bakin aiki ake koyonsa, gwaji bayan gwaji.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne, mafi nauyin aikinmu ana yinsa ne tun kafin a ba wa mutum ko ɗaya maganin. Sabon magani yana bin matakai uku kafin hukuma ta amince da shi: na farko a kan mutane 'yan kaɗan don a ga ko jiki zai ɗauka, na biyu a kan ɗaruruwa don a gano yawan da ya dace, na uku a kan ɗaruruwa zuwa dubbai don a tabbatar yana aiki. A kowane mataki ke za a tambaya: mutum nawa muke bukata? In kin ce kaɗan, maganin da ke da amfani zai fito kamar ba shi da shi. In kin ce da yawa, an ɓarnatar da kuɗi, an kuma jefa mutane cikin gwajin da ba sai da su ba. Ke za ki tsara ƙuri'ar da za ta raba wa zai samu sabon maganin, wa zai samu tsohon ko wanda babu komai a cikinsa, ta yadda likita ba zai zaɓa da son ransa ba. Sannan ki rubuta takardar tsarin nazari, ki faɗi dalla-dalla yadda za a yi lissafin, da yadda za a yi da waɗanda suka daina shan maganin a tsakiya ko suka ɓace. Ana sa mata hannu a rufe kafin kowa ya san wa ya sha me. Dalili kuwa, wanda ya riga ya ga sakamako zai iya juya lissafi har ya fitar da abin da yake so.

Ga misali da kowa ya ji labarinsa. Rigakafin korona na Pfizer da BioNTech a 2020 an gwada shi a kan mutum sama da 43,000, amma hukuncin ya rataya ne a kan mutum 170 da suka kamu: 162 daga waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri, 8 daga waɗanda aka yi wa ta gaske. Ki raba 8 da 162, ki cire daga ɗaya, ga kashi 95 cikin 100 ɗin da aka yi ta faɗa a rediyo. Rabawar ɗan sakandare ma zai yi. Wanda ya tsara tun farko yawan masu kamuwar da za a jira, da lokacin da aka yarda a leƙa sakamako a tsakiya, shi ya yi aikin.

A kamfani layi biyu ne. Akwai masanin ƙididdiga, wanda kusan ko'ina sai da mastas, wasu wuraren ma sun fi son mai digirin digirgir (PhD). Akwai kuma mai rubuta manhajar lissafin, wanda ke shirya bayanai da teburori da manhajar SAS ko R bisa tsarin jera bayanan gwaji na CDISC, wato SDTM da ADaM, domin da wannan tsarin hukumar FDA ta Amurka ke karɓar bayanan gwaji. Shi wannan ana iya shiga da digirin farko. Da yawanmu ba a kamfanin maganin muke kai tsaye ba, muna kamfanonin da ke karɓar kwangilar gwaji ne, irin su IQVIA da Parexel da ICON.

Maganar kwas ɗin nan kuwa, riƙe kuɗinki. Bayanan marasa lafiya akwai doka a kansu, kamfani ba ya miƙa su ga wanda bai taɓa aiki a gwaji ba kuma yana wata ƙasar da ba su da ofis. Masu aiki daga gida akwai su, amma sai da suka yi shekaru a ofis tukuna.

Maman Ilham:
Ni dai ban san komai a wannan fanni ba, amma 'yata ki karɓi aikin koyarwar nan. Ba ya hana ki neman ɗayan. Kina da abin sayen data, kin faranta wa Baba, kuma ranar da za ki ce masa za ki tafi ƙaro karatu ya riga ya ga ba zaman banza kike ba.

Dakta Binta:
Na goyi bayan Malam Auwal, sai dai kada ki ɗauka gwaji sai a Turai. Ana yinsa a gabanmu.

Ki nemi labarin gwajin E-MOTIVE da aka buga a 2023, a kan zubar jini bayan haihuwa. Asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni don a ga jinin da ya zuba a kan lokaci, aka kuma haɗa magungunan a ba da su gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka sauko daga kashi 4.3 zuwa 1.6 cikin 100. Abin da zai ba ki sha'awa a matsayinki na mai ƙididdiga, ƙuri'ar a kan asibitoci aka yi ta, ba a kan mata ɗaya-ɗaya ba, domin ungozoma ba za ta koyi sabuwar hanya ta yi wa wannan ta hana waccan ba. Hakan kuma yana canza lissafin gaba ɗaya, tunda matan asibiti ɗaya sun fi kama da juna.

Akwai kuma gwajin SPRING a Kano, a kan yara masu sikila da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Yara 220, an gwada ba su hydroxyurea miligiram 10 a kowane kilo da kuma miligiram 20, ba a ga wani bambanci a yawan shanyewar ba. Ga iyayen da ke sayen maganin da kuɗinsu wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Gaskiyar da zan faɗa miki, a irin waɗannan manyan gwaje-gwaje babban lissafin sau da yawa a jami'ar waje ake yinsa, mu nan tattara bayanai muke. Wannan giɓin shi ne damarki. Ƙofar shiga ita ce aikin kula da bayanai: ki iya REDCap, manhajar tattara bayanan bincike, ki iya gano inda aka rubuta nauyin jariri kilo 35 maimakon 3.5, ki bi sawu har a gyara. Ba aikin burgewa ba ne, amma wanda ya yi shi ya san daga ina lambobin suka fito.

Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai. Da zarar an san kin iya lissafi, masu rubuta kundin digiri za su yi miki layi. Wani zai kawo bayanan da ya riga ya tara ba tsari, ya ce shi dai ki fitar masa da p ƙasa da 0.05, wato lambar da za a ce bincikensa ya gano wani abu. Kuɗin yana da daɗi, amma in kin saba da hakan kin koyi kishiyar sana'ar.

Abu Sadik:
Ku yi haƙuri, ni duk lokacin da na ji gwajin magani Trovan nake tunawa, maganin kamfanin Pfizer. 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, aka yi gwajin da yara 200, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Yanzu ita wannan yarinya za ta je ta zama mai yi wa irin waɗannan lissafi?

Dakta Binta:
Malam Abu Sadik, damuwarka tana kan hanya, kuma har gobe muna fama da tabon abin idan mun je neman izinin iyaye. Amma ko mun shiga ko ba mu shiga ba, magungunan da ke kantin unguwarku a jikin wasu aka gwada su. Yanzu akwai kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa tun 2007, akwai kwamitocin ɗa'a a asibitocin koyarwa, NAFDAC ma sai ta ba da izini. Babban gwaji kuma yana da kwamitin sa ido mai zaman kansa, wanda ke ganin sakamakon da kamfanin da likitocin ba sa gani, yana kuma iya cewa a tsaya idan mutane na cutuwa. A cikin wannan kwamitin akwai kujerar masanin ƙididdiga. Ni na fi son a samu namu a kanta.

Malam Isufu, Maraɗi:
Sannunku. Mu ma nan Nijar ana yi. Cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana nan Maraɗi, ita ta yi gwajin rigakafin gudawar rota a Madarumfa, wanda ke jure zafi ba sai an dogara da firiji ba. An buga shi a 2017, jarirai wajen 3,500, kariya kusan kashi 67. Sai gwajin MORDOR a jihar Doso, inda aka riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 azithromycin sau biyu a shekara, ƙuri'ar a kan ƙauyuka, mutuwar yara ta ragu da kashi 18 a ɓangaren Nijar. Hajiya, in kina da hali ki ɗan koyi Faransanci, yana buɗe ƙofar Nijar, da kuma Mali da Burkina Faso inda aka yi wani ɓangare na gwajin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21.

Nura:
Ni a ganina ta yi mastas na kiwon lafiyar al'umma kawai. Shi ƙungiyoyi ke nema a nan, aiki ya fi yawa.

Yaya Auwal, Ingila:
Nura, aikin ƙungiyoyi ya fi yawa, gaskiya ne, in sa ido kan ayyuka da rubuta rahoto take so. Amma ba shi ta tambaya ba. Mastas na kiwon lafiyar al'umma ƙididdigarsa ba ta da zurfi, ita da ta yi shekara huɗu a fannin ba abin da zai ƙara mata ta wannan ɓangaren. Wanda zai ɗauke ta a gwaji zai duba ko ta yi nazarin tsawon rayuwa, irin su hanyoyin lissafi na Kaplan-Meier da Cox, da nazarin ma'aunin da ake maimaitawa a kan mutum ɗaya, da tsara gwaji. A gida Jami'ar Ibadan tana da sashen ilimin yaɗuwar cututtuka da ƙididdigar lafiya. A Afirka akwai haɗakar SSACAB da Jami'ar Wits ta Afirka ta Kudu ke jagoranta, an kafa ta ne don horar da irinta. A waje akwai makarantar LSHTM ta Landan da Jami'ar Hasselt a Beljiyam. Tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya yana neman shekara biyu ta aiki, koyarwa kuma aiki ce, don haka shawarar Maman Ilham ta ƙara ƙarfi.

Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan karɓi koyarwar in sha Allah. Yaya Auwal, manhajar SPSS kaɗai na iya sosai, sai ɗan R. Da wanne zan fara, tunda na fasa biyan kwas ɗin?

Yaya Auwal, Ingila:
Amin. Fara da R, kyauta ne, kuma kamfanonin ma suna ta komawa gare shi. SAS kuma akwai SAS OnDemand for Academics, rajista kawai za ki yi, a intanet yake aiki ba sai kwamfutarki tana da ƙarfi ba. Ki yi rajista a shafin DHS, shirin binciken lafiyar al'umma na ƙasashe, ki nemi bayanan binciken lafiya na Najeriya na 2018, ki zaɓi tambaya ɗaya, misali mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Arewa maso Yamma. Kafin ki buɗe bayanan ki rubuta shafi biyu na yadda za ki yi nazarin, ki sa kwanan wata, sannan ki yi daidai abin da kika rubuta. Ki sauke takardar ICH E9 ta 1998 ki karanta a hankali, ita ce ƙa'idar da muke bi. In kin gama ki turo shafi biyun nan a nan, zan duba.

Dakta Binta:
Ki kuma koma wurin likitar nan da kika taya lissafi ki tambaye ta ko akwai binciken da ke neman mai kula da bayanai. Irin wannan gurbin ba kasafai ake tallarsa ba, wanda aka sani ake kira.