Wai Lagdo ce ke cinye mu duk damina?

Ɗan Jimeta: Salamu alaikum jama'a. Damina ta yi nisa, an fara zancen Kamaru za ta buɗe madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai. Ni maganata ɗaya ce: ambaliyar da ke cin mu daga Adamawa har Lokoja, Kamaru ce ke sako mana ita. A 2012 mutum 363 suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. Wace irin maƙwabtaka ce wannan?

Hajiya ta Garwa: Wa alaikumus salam. Ɗana, bi a hankali. Ruwan nan ta ƙofarmu a nan Garwa cikin Kamaru yake fara bi kafin ya tsallaka iyaka. Madatsa in ta cika, ko a rage ta kaɗan-kaɗan, ko ta ɓalle ta kwashe mu da ku baki ɗaya. Ka manta abin da ɓallewar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024?

Malam na Numan: Hajiya ta yi gaskiya. A 2022, da aka rasa sama da mutum 600, ministan ruwa na lokacin, Suleiman Adamu, cewa ya yi kason Lagdo bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Gongola, Taraba, Donga da Katsina-Ala duk a cikin Najeriya suke zuba wa Binuwai ruwa. Jigawa kuma da ta sha wuya a shekarar, kogin Haɗejiya ne ya ci ta. Ina ruwan Lagdo da Haɗejiya?

Ɗan Jimeta: Allah gafarta Malam, minista ba a bakin kogi yake noma ba. Mun kwanta sama tas, ko yayyafi babu, da asuba sai kan masara kawai ake hangowa, mutane na ɗora buhunan hatsi da awaki a kwalekwale. Wannan ruwan daga ina ya fito?

Malam na Numan: A kanku na Yola da Fufore ban musa ba, ku ne a bakin ƙofa. Abin da na ƙi shi ne a ɗora mata har na Bayelsa.

Baffa: Yara, ku tambayi Dasin Hausa. An gama Lagdo a 1982. Madatsar Dasin Hausa da aka ce za a gina a Fufore don tare ruwan da Lagdo ke saki, har yau sai a takarda. Wannan ma Kamaru ce?

Hajiya ta Garwa: Yauwa Baffa. Kuma ana sanarwa. A 2024 hukumar NIHSA, mai lura da ruwan kogunan Najeriya, ta faɗi ranar da za a fara saki, 17 ga Satumba.

Ɗan Jimeta: Sanarwa a ina, Hajiya? Takarda ta tashi daga Yawunde zuwa Abuja, daga can zuwa hukumar agajin gaggawa ta NEMA, sannan jiha, sannan ƙaramar hukuma. Kafin ta iso wurin mai unguwa ruwa ya riga ta. Mu da ku duk muna cikin hukumar kogin Neja da ke Yamai. Me zai hana masu kula da madatsar su riƙa kiran Yola kai tsaye, gidajen rediyon Garwa da Yola su sanar a rana ɗaya, da Hausa da Fulatanci?

Malam na Numan: To ka ga yanzu ka bar zancen laifin Kamaru.

Ɗan Jimeta: Ban bari ba, Malam. Raba laifin na yi tsakaninta da hukumominmu.

Baffa: Ko an kira Yolan, a ce ku tashi, ku koma ina? Makarantar firamaren da ake kai mutane ita ma a kwari take.